ERPNext, Odoo ko Power Automate: Wacce Ce Za Ta Tsare Maka Sa Hannu a Kamfani?

Duk mai kamfanin da ya kira ni kan maganar manhaja, akwai tambayar da nake fara yi masa tun kafin in buɗe kwamfuta: idan sitokifa ya fitar da kaya ba da izininka ba, yaushe labari yake iso maka? Yawanci amsar ita ce ƙarshen wata, ko ranar da aka ƙirga sito. Wani dilan kayan masarufi da na yi wa aiki ya ɗan yi shiru da na tambaye shi, sannan ya ce, "Injiniya, ni na gaji da jin labari bayan an yi ɓarna. So nake abin ya ƙi yiwuwa tun farko." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ai ka riga ka zaɓi rabin manhajar da wannan maganar."

Abin da yake nema shi ne abin da zan kira hanyar aiki a wannan rubutu. Kowace takarda a kamfani tafiya take yi kamar fatake: odar sayen kaya ta taso daga hannun mai saye, ta yada zango wurin manaja, ta wuce wurin akanta, idan kuɗin ya yi nauyi ta kai ga mai gida. A kowane zango akwai wanda yake da ikon taɓa ta da wanda ba shi da shi. Hanyoyin ba iri ɗaya ba ne. Akwai ta jere, wadda sai wane ya sa hannu kafin ta je wa wane. Akwai wadda ake aika wa mutum biyu ko uku lokaci guda, kuma sai duk sun yarda. Akwai wadda duk wanda ya riga amsawa ya wadatar. Akwai mai sharaɗi, wadda adadin kuɗi ko reshen da takardar ta fito shi ke nuna inda za ta bi. Sai kuma mai komowa, wadda manaja zai iya mayar da ita baya ya ce a gyara farashi a sake kawowa. A zahiri yawancin kamfanoninmu gauraye suke buƙata: jere, da sharaɗin kuɗi, da damar mayarwa baya.

Manhajoji uku ne aka fi tambayata a kansu: ERPNext da Odoo, masu riƙe lissafin kuɗi da sito na kamfani, sai Power Automate, kuma kowacce da yadda ta ɗauki wannan al'amari.

Zan fara da ERPNext, don ita ce na fi daɗewa a cikinta. Kamfanin Frappe na birnin Mumbai a Indiya ne ya yi ta, wanda Rushabh Mehta ya kafa, kuma buɗaɗɗiyar manhaja ce gaba ɗayanta: babu wani ɓangare da aka kulle sai ka biya. Yadda ake gina hanyar aiki a cikinta yana kama da yadda mai kasuwa yake tunani. Ka zaɓi irin takardar da kake so ka tsare, misali odar saye. Ka jera zangunanta da sunayen da ka ga dama, har da Hausa idan ka so: "Daftari", "Jiran Manaja", "Jiran Alhaji", "An Amince", "An Ƙi". Kowane zango ka faɗi muƙamin da kaɗai zai iya gyara takardar tana wurin. Daga nan sai ka rubuta ƙa'idojin tsallakawa, layi bayan layi: daga wannan zango, idan mai wannan muƙami ya danna wannan maɓalli, takarda ta koma wancan zango.

Kowane layi yana da gurbin sharaɗi, kuma nan ne ƙarfin abin yake. Gajeren rubutu ne da yaren kwamfuta na Python, irin su doc.grand_total > 2000000. Da wannan kaɗai ka raba hanya biyu: odar da ba ta wuce naira miliyan 2 ba ta ƙare a teburin manaja, wadda ta haura ta wuce gaba. Ana iya ɗaura sharaɗin a kan reshe, ko kan mai kawo kaya, ko kan duk wani gurbi da ke jikin takardar.

Akwai wani abu a ƙarƙashin wannan da ya kamata mai zaɓe ya fahimta da kyau. Kowace takardar ciniki a ERPNext tana da matsayi uku na asali masu lamba: 0 daftari ce, 1 an tabbatar, 2 an soke. Zangunan da ka ƙirƙira duk sai ka ɗora kowannensu a kan ɗaya daga cikin ukun nan. Muddin takarda tana kan 0, ba ta taɓa littafin kuɗi ba, ba ta rage ko kwali ɗaya a lissafin sito ba. Sai ta hau 1 take zama gaskiya a lissafi, kuma daga nan ba a komawa daftari. Wanda ya yi kuskure sai dai ya soke ta ya fitar da gyararriya, wadda za ta ɗauki lambar tsohuwar da ƙarin -1 a ƙarshe, tsohuwar kuma tana nan kowa yana gani. Ke nan idan ka sa "Jiran Alhaji" a kan 0, ka sa "An Amince" a kan 1, babu ta yadda takardar fitar da kaya za ta shiga lissafi ba tare da an bi ta kansa ba. Abin da dilan nan yake nufi ke nan da cewa abin ya ƙi yiwuwa. Ga masu ba da kaya bashi kuma akwai iyakar bashin kowane abokin ciniki, wadda idan an kai ta manhajar take tsayar da takarda, sai mai wani muƙami da ka ware shi ne zai iya ƙetarewa.

To amma tana da nata cikas, kuma na sha su. Na farko, kowace irin takarda hanya ɗaya ce tak take aiki a kanta a lokaci guda. Idan kana da rassa huɗu kuma kowanne da tsarinsa, dole ka cusa su duka a hanya ɗaya ka raba da sharuɗɗa, kuma teburin ƙa'idojin yana iya tsawo har ya gagari karantawa. Na biyu, takarda zango ɗaya take zama a lokaci guda, don haka idan kana so akanta da manajan sito su sa hannu ba tare da la'akari da wanda ya riga ba, sai ka ƙirƙiri zanguna na tsakiya: ɗaya na "akanta ya sa, saura sito", ɗaya na "sito ya sa, saura akanta". Da mutum biyu abin da sauƙi. Da huɗu ya zama aiki. Na uku, ikon yana bin muƙami ne, don haka duk wanda ka ba muƙamin manaja zai ga maɓallin, sai ka bi ta wani wurin ka taƙaita kowa ga reshensa.

Akwai kuma wani ƙaramin akwati a jikin kowace ƙa'ida da ke tambaya ko wanda ya ƙirƙiri takarda zai iya amincewa da ita da kansa. A wani kamfani da na kafa wa tsarin, na bar shi a buɗe a layi ɗaya ban lura ba. Akwai wani ma'aikaci da ke riƙe da muƙami biyu saboda ƙarancin mutane, yana saye kuma yana riƙon ƙwaryar manaja. Makonni ya yi yana rubuta oda yana amince wa kansa. Shi da kansa ya zo ya same ni ya ce, "Malam, anya haka ya kamata? Ni nake rubutawa ni nake sa hannu, babu mai dubawa." Allah ya sa mutumin kirki ne, amma kuskuren nawa ne, kuma tun daga ranar ba na miƙa aiki sai na shiga da sunan kowane muƙami na gwada abin da zai iya da wanda ba zai iya ba.

Odoo kuwa daga Beljiyam ta fito. Fabien Pinckaers ya fara ta a 2005 da sunan TinyERP, ta koma OpenERP, sannan a 2014 ta zama Odoo. Iri biyu ce: ta al'umma wadda kyauta ce, da ta kamfani wadda ake biya kowane wata bisa adadin masu amfani. Duk wanda ya buɗe ta zai ga ta fi ERPNext kyawun fuska da sauƙin sabo. Ma'aikacin da bai taɓa aiki da irin wannan manhaja ba yakan gane ta cikin 'yan kwanaki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin manhajar da ma'aikata suka tsana ba ta daɗewa.

Sai dai a kan maganarmu ta yau, Odoo ta ɗauki wata hanya dabam. A da tana da injin gina hanyoyin aiki na gaba ɗaya, amma an cire shi a fitowa ta 11 a shekarar 2017. Abin da ya rage shi ne kowane sashe yana zuwa da zangunansa da aka riga aka gina. A sashen saye, alal misali, akwai wurin da za ka kunna amincewar manaja ka sa mafi ƙarancin kuɗi. Duk odar da ta haura wannan adadi sai ta tsaya jiran amincewa. Minti biyu ya isa a saita shi, kuma yana cikin ta kyauta. Idan buƙatarka ba ta wuce nan ba, wato iyaka ɗaya da mai amincewa ɗaya, Odoo ta gama maka aiki ba tare da ka kira kowa ba. Matsalar tana fara ne ranar da ka ce kana son hawa biyu, manaja har zuwa miliyan 2, mai gida daga nan zuwa sama.

A nan hanyoyi uku ne a gabanka. Ta farko sashen Approvals, wanda ke cikin ta biya. Yana da kyau ƙwarai wajen ƙirƙirar nau'o'in buƙata: tafiyar aiki, aron kayan ofis, neman biyan kuɗi, amincewa da kwantiragi. Kowane nau'i ka zaɓi guraben da za a cike, ka sa sunayen masu amincewa, ka faɗi mutum nawa ne mafi ƙaranci, ka zaɓi ko a jere za su sa hannu, har ma ka ce shugaban ma'aikacin ya shiga kai tsaye. Wajen tattara sa hannun mutane da yawa ya fi abin da ERPNext take bayarwa sauƙi. Amma buƙatar takarda ce mai zaman kanta. In ban da 'yan wurare da aka haɗa ta da sashen saye, ba ita ke riƙe da ƙofar sito ba. Ta biyu ita ce Studio, sashen gyara manhajar yadda kake so, wanda ke ba ka damar ɗaura sharaɗin amincewa a jikin maɓallin kansa, ta yadda ba zai dannu ba sai wane ya yarda. Wannan shi ne ainihin kulle, sai dai Studio yana cikin tsarin biya mafi tsada. Ta uku ita ce ƙarin manhajojin da ƙungiyar masu amfani da Odoo, wato OCA, take fitarwa kyauta, cikinsu akwai na amincewa hawa-hawa. Suna aiki, amma sai kana da sabarka, wato kwamfutar da manhajar take zaune a kai, ko masaukin da ke karɓar ƙari, domin Odoo Online, masaukin kamfanin Odoo na intanet, ba ta yarda a ɗora irin waɗannan. Kuma tun da Odoo tana fitar da sabon zubi kowace shekara, duk lokacin da za ka ɗaga sai ka tabbatar ƙarin da ka dogara da shi ya biyo.

Wani abu da ke ruɗar mutane a Odoo shi ne allunan nan masu ginshiƙai da ake jan kati daga wannan zuwa wancan, a sashen neman ciniki da na ayyuka. Mai kamfani yana ganinsu sai ya ce ai ga hanyar aiki nan. Suna nuna inda aiki ya kwana, kuma suna da amfani sosai wajen bibiya, amma a yadda suka zo duk mai izinin gyara katin zai iya jan sa daga farko zuwa ƙarshe. Allon sanarwa ne, kada a ɗauke shi a matsayin kwaɗo.

Power Automate ta Microsoft ba sa'ar waɗancan biyun ba ce, domin ba ta da littafin kuɗi ko sito. Mai ɗaukar saƙo ce tsakanin manhajoji. Ta fito a 2016 da sunan Microsoft Flow, aka sauya mata suna a 2019, kuma ita ce ta gaji tsofaffin hanyoyin aiki na SharePoint, ma'ajiyar takardu ta Microsoft, waɗanda aka rufe zubinsu na 2010 a Microsoft 365 a watan Nuwamba na 2020. Inda ta yi fice shi ne nau'o'in amincewa suna nan a shirye: kowa sai ya yarda, ko wanda ya riga amsawa, ko amsoshin da kai ka rubuta da kanka. Buƙatar tana zuwa wa mutum a Teams ko Outlook ko a wayarsa, ya danna ya wuce. Ga makaranta, ko ƙungiya mai zaman kanta, ko ofishin da dama yana biyan Microsoft 365, neman hutu da neman mota da amincewa da wasiƙa duk za a iya gama su a yini ɗaya ba tare da sayen komai ba.

Amma ka lura da abu uku. Na farko, kowace buƙatar da aka tura tana da wa'adin kwana 30, idan ba a amsa ba ta mutu. A wurinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin mai gida zai iya tafiya aikin Hajji ya yi wata guda ko fiye bai waiwayi saƙon ofis ba, ya dawo ya tarar buƙatun da ke jiransa sun faɗi. Ana iya kauce wa hakan da dabarar gini, amma sai wanda ya san da matsalar. Na biyu, hanyar tana rataye ne da asusun wanda ya gina ta. Idan ya bar aiki aka rufe asusunsa ba a sa masa abokin mallaka ba, sai a wayi gari abubuwa sun tsaya babu wanda ya san dalili. Na uku, da zarar kana so ta taɓa rumbun bayanai irin SQL Server ko wasu daga cikin manhajojin waje, ka shiga sahun mahaɗan da ake biya wa lasisi dabam. Kuma ko ka biya, in dai lissafinka yana wata manhajar, amincewar tana gefe guda, kuɗin yana gefe guda. Kashiya zai iya biya ko an amince ko ba a amince ba.

Maganar kuɗi kuma dole a yi ta da idon wanda yake samu da naira. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Duk wanda ke biyan lasisin wata-wata da kuɗin waje bisa kan kowane ma'aikaci ya ga yadda kasafinsa ya ninka ba tare da ya ƙara mutum ko ɗaya ba. A nan ne ERPNext take da rinjaye: ba a biyan lasisi bisa kai, sai kuɗin masauki, ko a Frappe Cloud, masaukin kamfanin da ya yi ta, ko a sabar da ka yi haya. Hakan yana da alaƙa kai tsaye da hanyar aiki, domin inda ake biya bisa kai, abin da na sha gani shi ne mutum uku suna shiga da suna ɗaya don a rage kuɗi. Ranar da aka yi haka, tarihin wanda ya sa hannu ya zama banza. Sai dai kada a ce kyauta ce. Kuɗin da ba ka ba kamfanin manhaja ba za ka ba wanda zai kafa maka ita ya kuma riƙa kula da ajiyar bayananka, kuma samun wanda ya iya ɗin a kusa da kai yana cikin abin da za ka bincika kafin ka yanke shawara.

Ga yadda nake ba da shawara. Idan kana da sito, kana ba da bashi, kuma ƙa'idojinka naka ne na kanka masu hawa biyu ko uku, ɗauki ERPNext. Ita ce a cikin ukun take ba ka kulle na gaske a jikin takardar ba tare da ƙarin lasisi ba. Idan ƙa'idarka ɗaya ce mai sauƙi, kuma abin da ya fi damunka shi ne ma'aikata su karɓi manhajar da wuri, Odoo za ta fi yi maka daɗi, amma ka zauna ka lissafa kuɗin tsarin da ke da Studio tun yanzu, domin kasuwa tana girma ƙa'idoji suna ƙaruwa. Power Automate kuwa ka bar ta a kan takardun ofis da ba su taɓa kuɗi ko kaya ba. Babu laifi kamfani ɗaya ya haɗa ta da ɗaya daga cikin biyun can, kowacce a gonarta.

Kowacce ka ɗauka, kula da hanyar bayan an gina ta ya fi gina ta wuya. Kada ka sauya sunan zango ko ka goge shi alhali akwai takardu a cikinsa. Na taɓa ganin oda sama da ashirin sun maƙale a ERPNext babu maɓallin gaba babu na baya, saboda an ga sunan zangon bai yi kyau ba an canza shi da rana tsaka. A fara kwashe takardun, ko a yi sauyin a kwafin gwaji tukuna. Kowane zango kuma a tanadar masa mataimaki tun ranar farko, saboda rashin lafiya da tafiya da rasuwar dangi ba sa ba da sanarwa.

Sai yawan zanguna. Dilan nan da na fara da labarinsa, da ya ga abin yana aiki, sai ya ce a sa kowace oda ta bi ta kansa, ko ta buhu biyar ce. Na yi masa yadda ya ce. Bayan mako biyu na koma na tarar da mota a ƙofar sito an gama lodi, direba yana zaune a inuwa, sitokifa yana ta kiran waya. Ya ce mini, "Malam, Alhaji yana wurin ɗaurin aure, waya a kashe. Mai kaya kuma ya ce in ba a tashi yanzu ba zai fasa." A ƙarshe an saki motar da saƙon murya na WhatsApp daga ɗan Alhajin, aka shigar da takardar washegari. Da yamma na zauna da mai gidan na nuna masa jerin abin da ke jiransa, ya haura sittin, mafi yawa ƙananan oda ne da ko a da can bai taɓa dubawa ba. Muka mayar da duk abin da bai kai miliyan 2 ba ga manaja, muka ba babban akanta ikon tsaya masa idan ba ya nan, muka bar masa manyan oda da duk wani bashi da ya ƙetare iyaka. Jerin nasa ya dawo abin da yake iya dubawa a waya tsakanin Magariba da Isha'i, kuma ya ci gaba da karanta kowace ɗaya kafin ya danna.